Gyambon ciki ya yi jini ga mai shan warfarin: yadda muka bi da Baffa daga sashen gaggawa zuwa wata na uku

Baffana, ƙanen mahaifina, yana da shekara 64. Shekara uku ke nan yana shan warfarin, wani maganin tsinka jini, saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, kuma ya taɓa samun 'yar shanyewar ɓarin jiki da ta warware. Aikina harhaɗa magunguna ne, shi ya sa da abin ya faru ni aka tura in bi shi asibiti. Zan jero abin da aka yi daki-daki, domin na lura ba a wurin tsayar da jinin mutane suka fi ɓacewa ba. Sun fi ɓacewa bayan sallama, lokacin da likitan ciki ya ce a ajiye maganin tsinka jini, likitan zuciya kuma bai san an ajiye ba.

Kwana uku bayan gidansa yana fita baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da wani ƙarni wanda ba shi aka saba ji ba. Bai faɗa wa kowa ba, dattijo ba ya hirar bayan gida da 'ya'yansa. A rana ta huɗu ya miƙe zai yi alwalar asuba jiri ya kwashe shi, sannan ya yi amai baƙi-baƙi kamar ganyen shayin da ya kwanta a gindin buta. Baƙin nan jini ne da asid ɗin ciki ya riga ya dafa. Idan jinin ya fito ja, yana zuba ne da sauri ke nan. Kafin mu fita na tattara duk wani magani da ke ɗakinsa cikin leda ɗaya, har da na ƙarƙashin matashi da na aljihun riga. Duk wanda zai kai irin wannan mara lafiya asibiti ya yi haka, don ledar nan ta fi bakin kowa faɗin gaskiya. A cikinta akwai warfarin na miligiram 5, da maganin hawan jini, da simvastatin na rage kitsen jini, da aspirin na miligiram 75 wanda aka ɗora shi a kai tun kafin warfarin, ba a kuma taɓa ce masa ya daina ba. Sai diclofenac, da wani haɗin kemis a ƙulle a farar leda ba suna, wanda ya yi kwana goma yana sha saboda ciwon gwiwa. Diclofenac da danginsa na magungunan ciwon jiki, irin su ibuprofen da piroxicam da indomethacin, suna rage yauƙin da ke rufe bangon ciki daga asid. Aspirin yana yin haka, ya ƙara da raunana ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni. Shi warfarin ba ya haƙa gyambo, amma idan wani ya haƙa, shi ne ke hana jinin tsayawa.

Mun isa sashen gaggawa wajen ƙarfe shida da rabi. Mutum biyu ake buƙata a nan, ɗaya ya tsaya da mara lafiya, ɗaya ya bi layin kati da biyan kuɗi, in ba haka ba likita zai zo da tambaya kai kana can kana jiran rasit. Tambayoyin farko huɗu ne: wane maganin tsinka jini yake sha, nawa yake sha, don me aka ɗora shi a kai, yaushe ya sha na ƙarshe. Ta ƙarshen ta fi nauyi ga masu shan rivaroxaban ko apixaban, waɗanda ƙarfinsu ke sauka sosai cikin kwana ɗaya zuwa biyu idan ƙoda lafiya take. Warfarin kuwa yakan ɗauki kwana huɗu zuwa biyar kafin ya saki jini da kansa. An sa masa manyan allurorin ƙarin ruwa a hannu biyu, aka ɗebi jini don awon PCV, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, da rukunin jini, da aikin ƙoda, da INR. INR shi ne awon da ke nuna yadda warfarin ya tsinka jini. Na mutumin da ba ya shan magani kusan 1 yake. Mai irin ciwon Baffa ana so nasa ya tsaya tsakanin 2 da 3, wasu masu bawul ɗin ƙarfe a zuciya kuma tsakanin 2.5 da 3.5. Na Baffa ya fito 4.6, PCV ɗinsa 20. Sakamakon INR ya ɗauke mu fiye da awa biyu, kuma likitan bai jira shi ba kafin ya fara aiki, haka ne ma daidai. Ya dakatar da warfarin da aspirin, ya hana ci da sha, ya ba da omeprazole, maganin rage asid ɗin ciki, miligiram 80 ta jijiya. Da sakamakon ya zo aka yi masa bitamin K, mai karya ƙarfin warfarin, ta jijiya a hankali, aka kuma rubuta ruwan jini daskararre da ake ce wa plasma, saboda bitamin K sai ya yi awoyi kafin ya fara aiki. Akwai wani haɗi mai suna PCC da ya fi plasma sauri, sai dai yana da tsada kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba.

A ɗakin ajiyar jini aka ce mu kawo masu bayarwa a madadin abin da za a fitar. 'Ya'yansa biyu suka bayar, aka sa masa leda biyu. Da PCV ya hau 25 aka tsaya, sai 'yan uwa suka fara ƙorafin me ya sa ba za a cika masa ba tunda ga masu bayarwa. Ba rowa ba ce. A zubar jinin ciki ana ƙara jini ne idan haemoglobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya sauka ƙasa da 7, ko ƙasa da 8 ga mai ciwon zuciya, wato PCV wajen 21 zuwa 24. Wani babban bincike da aka yi a Barcelona, aka buga a 2013, ya nuna waɗanda aka taƙaita wa ƙarin jini sun fi waɗanda aka cika wa tsira, kuma jininsu bai kai na wancan rukunin sake ɓallewa ba. Ga dattijo mai raunin zuciya, yawan ƙarin ma yana iya tara ruwa a huhu.

Washegari da safe INR ya sauka zuwa 1.8, aka kai shi ɗakin na'urar leƙa ciki, wadda ma'aikata ke cewa endoskofi, jama'a kuma suna cewa kyamara. Ana so a yi ta cikin awa 24 da zuwan mara lafiya, bayan jikinsa ya ɗan daidaita, kuma ba sai INR ya koma 1 ba. Idan ya sauka ƙasa da 2.5 yawanci ana iya aiki. A inda muka je sai an biya kafin a sa suna a layi, an kuma sa hannu a takardar amincewa. Mai inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ya fara neman lambar izini daga kamfanin da ke riƙe da inshorarsa tun yana sashen gaggawa, kada ya bari sai an kira sunansa. Ciki ya zama ba komai na aƙalla awa shida, a cire haƙoran roba idan akwai. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a sa wata roba tsakanin haƙora, mutum ya kwanta ta gefen hagu. Baffa ya tsorata da jin za a zura masa abu ta baki, ya riƙe hannuna yana salati. Nas ɗin ta ce, "Baba, ku dai riƙa numfashi ta hanci, ku bar yawun ya zuba, ba za ku shaƙe ba." Bututun ba ta hanyar numfashi yake bi ba. Cikin minti 20 an gama. An samu gyambo a ƙasan ciki, da jijiya a tsakiyarsa ta fito fili. Aka yi allurar adrenaline a kewayensa, aka matse jijiyar da 'yan maƙalan ƙarfe guda biyu. Allurar kaɗai ba ta isa, na ɗan lokaci take tsayar da jini, dole a haɗa ta da maƙala ko ƙuna. An kuma gutsuri 'yar tsoka don gwajin ƙwayar H. pylori. Ku karɓi rahoton kyamarar a rubuce, ku ɗauki hotonsa a waya a ranar, domin kowane likita na gaba shi zai fara tambaya, kuma fayil yakan yi tafiyarsa.

Awa 72 na farko bayan aikin su ne lokacin da jinin ya fi sake ɓallewa, shi ya sa ko mara lafiya ya ce ya warke ba a sallamarsa. An ci gaba da maganin asid ta jijiya na kwana ukun nan. Wasu asibitocin suna ɗora shi a ruwa yana ɗiga miligiram 8 a kowace awa, wasu suna yin miligiram 40 sau biyu ko fiye a rana. Dalilinsa shi ne gudan jinin da ya toshe gyambon yana narkewa a cikin asid. Bayan kwana ɗaya aka bar shi ya sha koko mara kauri, sannan kunu, sannan abinci mai laushi. Bayan gidansa ya ci gaba da fita baƙi na 'yan kwanaki, tsohon jini ne ke fita. Abin da ake kallo shi ne bugun zuciya, da awon jini, da PCV kowace safiya. A duk zaman nan kuɗi uku ne suka fi nauyi: na kyamara da maƙalanta, na jini da gwaje-gwajensa, sai allurar maganin asid. Kuɗin gado da na kati ba su kai ko ɗaya daga ciki ba.

A rana ta uku ne aka zo wurin da ya sa na zauna rubuta wannan. Likitan da ya zo zagaye ya ce gobe ko jibi za a sallame mu. Na ce, "Likita, warfarin ɗin fa, yaushe za a dawo da shi?" Ya ce wannan hukuncin likitocin zuciya ne. Na tambaya ko an rubuta musu, aka duba fayil, ba a rubuta ba. Ba mugunta ba ce, kowane sashe abin da ke gabansa yake kallo, amma da mun tafi a haka da Baffa ya zauna gida ba magani har ranar da layin asibitin zuciya ya zo kansa, wata biyu ko uku. Aka rubuta takardar neman shawara, likitar zuciya ta zo da yamma. Kafin ta buɗe baki Baffa ya ce, "Ni fa na gama da maganin nan, shi ya so kashe ni." Ta ce, "Baba, jinin ciki muna iya tsayar da shi, kun gani da idonku. Gudan jinin da ya tashi daga zuciya ya tafi ƙwaƙwalwa kuwa, abin da ya ɓata ba mu iya dawo da shi." Zuciyar da ba ta bugawa daidai tana barin jini ya kwanta a wani lungu nata ya daskare, kuma wanda ya taɓa samun shanyewar jiki shi ya fi kowa haɗarin sake samu.

Ta yanke abu uku. Aspirin ta cire shi baki ɗaya, saboda Baffa bai taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ba, ba a sa masa ƙarfen buɗe jijiya ba, warfarin kaɗai ya ishe shi, haɗa biyun ƙarin jini kawai yake jawowa. Warfarin ta rubuta a dawo da shi a rana ta bakwai daga tsayawar jinin, da kwanan wata a rubuce, ba tare da manyan ƙwayoyin farawa ba. Yawancin irinsa tsakanin mako ɗaya zuwa biyu ake dawo musu da shi. Mai bawul ɗin ƙarfe ba ya iya jiran haka, akan fara masa allurar tsinka jini ta heparin a asibiti cikin kamar kwana uku. Na uku, ta sa a yi masa hoton zuciya don a ga ko zai iya komawa apixaban, wanda ba ya buƙatar awon INR. Hoton ya nuna bawul ɗinsa lafiya, zai iya, amma da muka lissafa kuɗinsa na kowane wata muka ga akwai watan da zai yanke, kuma maganin da ke fita daga jiki cikin kwana ɗaya ba a wasa da yankewarsa. Muka tsaya a warfarin. Masu bawul ɗin ƙarfe da waɗanda ciwon zuciya na rumatik ya matse musu bawul, wanda muke da su da yawa a Arewa, su ba su da wannan zaɓin ma. Binciken INVICTUS na 2022 ya nuna a cikin masu ciwon rumatik da bugun zuciya mara daidaito, warfarin da danginsa sun fi rivaroxaban kare rai.

Kada wani ya karanta cire wa Baffa aspirin ya ajiye nasa. Wanda yake shan aspirin saboda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko an sa masa ƙarfe, nasa hukuncin daban ne, akan dawo masa da shi cikin kwana uku zuwa biyar, wani lokaci ma ba a tsayarwa. A Hong Kong, Joseph Sung da abokan aikinsa sun raba mutum 156 da aka tsayar wa jinin gyambo gida biyu, aka buga sakamakon a 2010. Waɗanda suka ci gaba da aspirin, kashi 10.3 cikin ɗari jininsu ya sake zuba cikin wata ɗaya, waɗanda aka tsayar wa kuma kashi 5.4. Amma cikin mako takwas, kashi 1.3 ne suka rasu a rukunin aspirin, a ɗaya rukunin kashi 12.9. Akwai kuma kuskuren da har yanzu nake gani a takardun magani, na canza aspirin da clopidogrel, wani maganin hana jini daskarewa, da sunan ya fi sauƙi ga ciki. A can Hong Kong ɗin dai Francis Chan ya gwada wannan a 2005 da mutum 320: cikin shekara ɗaya, kashi 8.6 na masu clopidogrel jininsu ya dawo, masu aspirin haɗe da maganin asid na esomeprazole kuwa kashi 0.7. Idan kuma dole ne mutum ya sha clopidogrel, a cikin magungunan asid pantoprazole ya fi dacewa a haɗa masa, domin omeprazole da esomeprazole suna rage ƙarfin clopidogrel.

Gwajin H. pylori ya nuna akwai ta. Wannan ƙwayar cuta ce da ke zaune a bangon ciki, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka tabbatar ita ce ke bayan yawancin gyambon ciki, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Muddin tana nan gyambo yana dawowa, ko an daina diclofenac. Da gwajin ya ce babu ma ba za a yarda da shi nan take ba, domin lokacin zubar jini da shan maganin asid yakan ɓoye ta, sai an sake daga baya. An rubuta masa maganin kwana 14: amoxicillin giram 1 safe da yamma, clarithromycin miligiram 500 safe da yamma, da maganin asid sau biyu a rana. A kula da kwalayen da ake sayarwa a haɗe, da yawansu na kwana bakwai ne, sai an sayi biyu, kuma a karanta abin da ke ciki a gwada da takardar likita. Clarithromycin yana barin ɗaci a baki kamar an tsotsi ƙarfe, wasu su yi gudawa kaɗan, kuma a nan ne mutane ke ajiyewa a rana ta biyar, ƙwayar ta tsira ta kuma daina jin maganin. Sannan yana rikici da wasu magunguna. An dakatar da simvastatin na kwana 14 ɗin saboda haɗuwarsu tana iya lalata tsoka. Babbar matsalar kuma ita ce clarithromycin yana ɗaga INR, a cikin sauran magungunan ƙwayar kuma metronidazole ya fi shi ɗagawa, levofloxacin ma haka. Baffa ya fara maganin ƙwayar a rana ta huɗu, warfarin zai dawo a ta bakwai, ke nan za su haɗu na fiye da mako. Saboda haka aka dawo da shi a kan ƙasa da abin da ya saba sha, aka kuma sa awon INR duk bayan kwana uku ko huɗu.

An sallame mu a rana ta biyar. Kafin mu tashi na tabbatar takardar sallama ta ƙunshi ranar dawo da warfarin da yawansa, ranar awon INR na farko, sunan maganin asid da tsawon lokacinsa, ranar sake kyamara, da magungunan da aka hana. Idan ɗaya babu, ku tsaya a rubuta, ko da jiran likita zai ƙara muku awa biyu. Makonni ukun da suka biyo zirga-zirgar ɗakin gwaji ce. Awon farko 1.5, na biyu 2.4, na uku 3.2, aka ɗan rage. Da maganin ƙwayar ya ƙare, bayan mako ɗaya sai ya faɗo 1.7, saboda abin da ke tura shi sama ya tafi, aka sake ƙarawa. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka ɗakin gwajin ne ke wasa da shi. Ku tsaya a ɗakin gwaji ɗaya, ku sayi ƙaramin littafi ku riƙa rubuta kwanan wata, da sakamako, da yawan maganin da aka ce. Ku duba lambar miligiram a jikin kwali duk lokacin da kuka saya, don launin ƙwayar warfarin yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ana shan sa sau ɗaya a rana a lokaci guda, mu bayan sallar isha'i muka sa. Idan an manta, ba a ninkawa washegari.

Pantoprazole miligiram 40 aka sa shi a kai, sau biyu a rana a makonnin farko, daga baya sau ɗaya. Ana shan sa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, domin sai abinci ya tada ma'aikatar asid maganin ke samun abin kamawa. Wanda ya sha bayan ya ƙoshi ya rage amfaninsa. Farin maganin ruwa na ulsa da ake kurɓa idan ƙirji ya yi zafi yana kwantar da zafin na ɗan lokaci ne kawai, ba ya warkar da gyambo kuma ba ya hana jini. Madara ma haka. Kanwa kuwa gishirinta bai dace da mai hawan jini ba. Cimetidine, tsohon maganin ulsa da har yanzu ake samu a kemis, yana ɗaga INR, kada mai warfarin ya taɓa shi. An kuma ba shi ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, wadda za a ci gaba da ita kamar wata uku bayan jini ya cika. A rana ta uku da fara ta aka kira ni a firgice, wai baƙin bayan gida ya dawo. Maganin ne ya rina shi. Na magani baƙi-baƙi ne ko kore-kore, a dunƙule, ba ƙarni. Na jini yana da danƙo da sheƙi da wari mai tada zuciya, sau da yawa da jiri da bugun ƙirji. Idan an yi shakka a je a auna PCV, ba shi da tsada. Kada a haɗa ƙwayar da shayi, yana hana jiki ɗaukar ta.

Gwiwar da ta jawo komai ba ta daina ciwo ba, kuma idan ba a ba mutum madadi ba zai koma kemis. An yarda masa da paracetamol giram 1 har sau uku a rana idan ciwon ya tashi, da sharaɗin idan ya jera kwanaki yana sha ya faɗa a wurin awo, don shi ma yana ɗan ɗaga INR. An tura shi gashin ƙashi. Abin da aka hana har abada sai da izinin likita: diclofenac da ibuprofen da piroxicam, da duk haɗin da ba suna, da hodar ciwon kai ta cikin takarda wadda yawancinta aspirin ce mai yawa, da allurar ciwon jiki da ake yi a kemis. Ita allurar laifinta biyu ne, sau da yawa diclofenac ce, kuma allurar tsoka ga mai warfarin tana iya tara jini a wurin. Prednisolone da dexamethasone da ake cusawa cikin haɗin gajiya suna ƙara haɗarin idan sun haɗu da waɗancan. Maganin gargajiya ma an ce ya dakata, tunda ba mai iya cewa ga abin da ke ciki. A wajen abinci ba a hana shi zogale ko alayyahu ko miyar kuka ba. Ganye yana da bitamin K mai rage ƙarfin warfarin, amma abin da ke rikita awo shi ne a yi mako ba a ci ba, sannan a tashi a ci kwaɗon zogale kullum. A ci yadda aka saba. Yaji ba ya haƙa gyambo, wanda yake tada masa zafi ya rage. Mai shan sigari ya bari, tana jinkirta warkewa. Azumi kuwa likitar ta ce na nafila ya dakata sai an ga gyambon ya rufe, na watan Ramadan kuma a zo a yi magana kafin ya kama, saboda canjin abinci da lokutan shan magani suna taɓa INR.

A mako na takwas aka sake kyamara. Gyambon da ke cikin ciki kansa ana sake duba shi, domin wani lokaci ciwon daji yakan fito da kamar gyambo. Na farkon ƙaramin hanji yawanci ba a sakewa idan mutum ya samu sauƙi. Ba a tsayar da warfarin don wannan ba, an dai auna INR a makon aka ga bai wuce 3 ba. Gyambon ya rufe, ya bar tabo. An gutsuri tsoka daga gefensa, aka miƙo mana kwalbar mu kai ɗakin gwajin tsoka da kanmu, mu biya, mu koma karɓa. Sakamakon ya ɗauki fiye da mako biyu, kuma jiran nan ya fi kwanakin gado wahalar zuciya. Ba a kiran kowa a waya, sai ka je da rasit. Ya fito ba daji.

Saura tabbatar da mutuwar ƙwayar. Ba a yi da gwajin jini, shi yana iya nuna akwai ta har shekaru bayan ta mutu, mutane su yi ta maimaita maganin a banza. Na bayan gida ko na numfashi ake yi, aƙalla mako huɗu bayan gama maganin ƙwayar, kuma sai an ajiye pantoprazole na mako biyu, in ba haka ba zai ce babu alhali akwai. Ga mai warfarin da ya taɓa zubar jini, ajiyewar nan ba abin yi da ka ba ne. Likitan ya jira sai da ya ga gyambon ya rufe, sannan ya mayar da shi famotidine, wani maganin asid na daban, na mako biyun, aka kai bayan gida ɗakin gwaji. Ya fito babu. Da ya fito akwai, da an sake wani haɗin daban, ba wanda aka sha ba.

Baffa ya ɗauka daga nan an gama da pantoprazole. Likitan ya ce a'a, zai ci gaba da ƙwaya ɗaya kowace safiya muddin yana kan warfarin, a riƙa duba ƙoda da jini lokaci-lokaci. Yanzu awon INR ya koma wata-wata, sai idan an ba shi wani sabon magani, musamman na kashe ƙwayoyin cuta, sai a auna cikin kwana uku zuwa biyar. Na rubuta masa kati da Hausa da Turanci, aka lulluɓe shi da roba yana aljihun gaban rigarsa: sunan maganin da yawansa, dalilin shan sa, cewa ya taɓa zubar jinin gyambo, da jerin abin da ba a ba shi. A bayan katin an rubuta idan ya ga baƙin bayan gida mai danƙo, ko aman jini, ko jiri da zufa, kada ya sha warfarin na daren, kada ya jira gari ya waye, a kai shi sashen gaggawa da ledar magungunansa da littafin awo. Mai kemis ɗin unguwarsu ma an kai masa kwafi ɗaya, ya manna a jikin kanta.